Daga asuba zuwa isha a kan keke: yadda ake cin wuni a hanyar duwatsu

Tun da muka dawo daga tafiyar da muka yi a keke daga Gombe zuwa Gembu tambaya ɗaya nake sha, a majalisa, a ƙofar masallaci, har wajen mai facin bakin layinmu: wai kilomita nawa kuke ci a rana? Toh ni dai a wajena wannan tambayar ta mai mota ce. A hanya irin ta Gombe zuwa Kumo kana iya lissafi da kilomita, amma da zarar dutse ya shigo maganar sai lissafi ya koma na awa, akwai ranar da za ka yi 90 kana 'yan waƙe-waƙenka, akwai kuma ranar da 25 kacal za ta bar ka kamar an yi maka dukan kawo wuƙa. Shi ya sa zan bi wunin ne yadda salloli suka yanka shi, don wallahi babu agogon da ya yi mana aiki a hanya kamar su.

Hanyar da nake magana a kai ita ce wadda ta fita Gombe ta kudu, Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, ka tsallake Binuwai a Numan, ka nufi Jalingo, daga nan Bali, Serti, sai Mayo Selbe inda hawan gaske yake farawa, ka ɓulla Maisamari, Nguroje har Gembu a kan tudun Mambila. Amma abin da zan faɗa zai yi wa wanda zai bi Dadin Kowa ya hau Biu, ko mutumin Bauchi da zai bi ta Toro ya hau Jos.

Kafin mu shiga wunin bari in gama da keke da kaya a gurguje. Keken iyayenmu, Phoenix ko Raleigh, ƙarfe ne na gaske kuma ko a wane ƙauye akwai mai gyara shi, matsalarsa giya ɗaya gare shi, duk tudun da ya ɗan miƙe sai dai ka sauka ka tura. Ka nemi keken giya na gwanjo mai faranti uku a gaba, taya lamba 26, don ita ce za ka fi samun tub ɗinta a kasuwannin hanya. Kada ka saye shi jiya ka tashi yau. Ka hau shi aƙalla wata guda, ka ɗaura masa kayan da za ka tafi da su ka riƙa hawan tudun Tumfure da ke gefen garin Gombe da safe, in ƙafa ta fara sabawa ka ɗauki Asabar da Lahadi ka je Kaltungo ka hau Tula, wannan hawan zai gaya maka gaskiya game da kanka da kekenka ba tare da ya ji kunyarka ba. Kaya kuwa kada ka goya a baya ko kaɗan, ka sa tela ya ɗinka maka jaka biyu na tamfol da za su rataya gefe da gefen kariya, nauyinsu ya zo ɗaya, mai nauyi a ƙasa mara nauyi a sama, ka yanka tsohon tub ka yi igiyar roba da shi. Abin gyara: famfo, tub biyu, faci da sholisho, sufana, fulaya, robar birki ta canji, wayar birki ɗaya, ɗan man kaca da tsumma. Sai tabarmar leda, gidan sauro, bargo mara nauyi, buta, tocila, hular kwano, rigar sanyi. Duk abin da ka ɗauka kana cewa "wataƙila zai yi amfani" ka ajiye shi a gida, ni na tafi da takalmi na biyu da ƙaramin risho, a Billiri na bar su wajen wani ɗan uwa ko kwana biyu ba a yi ba.

Lokaci kuma daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi. Maris da Afrilu zafin kwarin Binuwai ba na wasa ba ne, damina kuma saman dutse ruwa ne da hazo da santsi.

Toh, asuba.

Kaya tun dare ake ɗaure su, da safe abin da ya rage tabarma da bargo ne kawai. Ana sallame sallah ka matsa tayoyi da yatsa, ka ja birki gaba da baya, ka girgiza kariya ka ji ko wani noti ya saki, minti biyu ne amma kullum sai an yi. Kada ka tashi cikin duhu, jira gari ya waye har kana iya gane fuskar mutum daga nesa, saboda direban da ya kwana yana tuƙi wannan ne lokacin da barci ke fizgarsa, ga ramuka ba ka gani. Kuma kada ka tashi da cikin wofi. In akwai mai ƙosai da kunu ta fito toh alhamdulillahi, in babu mai shayi ba ya ƙarya, burodi da ƙwai da shayi mai kauri. Awa huɗun da ke tsakanin fitowar rana da hantsi su ne jarinka na wunin gaba ɗaya, a nan ake cin fiye da rabin tafiya, duk wanda ya ɓata su wajen hira da ɗaukar hoto zai biya da rana tsaka. Shi ya sa ma in ka san gobe akwai babban hawa, ka yi dabara ka kwana a gindinsa. Mu a Mayo Selbe muka sauka tun rana da sauranta, abokin tafiyata yana ta ƙunƙuni wai muna ɓata lokaci, washegari da muka kai rabin dutsen rana ta fara dukan ƙeya shi da bakinsa ya ce da jiya muka taɓa wannan abin da a hanya za mu kwana.

Shi hawan kansa ga yadda ake yi masa. Tun kafin tudun ya kama ka za ka sauke giya, ba sai ƙafa ta riƙe ba, don in ka canza giya kana danna feda da ƙarfin tsiya kaca ce za ta yi ƙara ta goce ko ta tsinke, kuma a tsakiyar hawa babu mai gyara sai kai. Ka sa giyar da ƙafarka ke juyawa ba nauyi ko da kuwa yaro mai tallan rake zai iya jerawa da kai a ƙasa, babu komai, ba tsere kake ba. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne, in ba zan iya amsa sallama da cikakkiyar murya ba toh na matsa da yawa, sai in sassauta. Ka zauna a kan sirdi, miƙewa tsaye a kan feda da kaya a baya ƙarfi kawai yake sha, sai dai jefi-jefi don ɗuwawu ya huta. Kada ka riƙa ɗaga kai kana neman ƙarshen dutsen, wannan shi ke karya zuciya, saboda hanyar dutse maƙaryaciya ce, ka ga kwana ka ce daga ita shi ke nan, kana shanyo ta ka tarar da wata ta ɗare sama tana jiran ka, ni sai da na daina ƙirga su. Ka zaɓi wata bishiya ko wani dutse can gaba kaɗan ka ce nan zan kai, in ka kai ka zaɓi wani. Hutu gajere-gajere ya fi dogo guda ɗaya, ka tsaya minti biyu ko uku kana tsaye keke na tsakanin ƙafafunka, ka kurɓi ruwa ka ci gaba, in ka zauna ƙasa ka miƙe ƙafa toh tashi sai an yi da gaske. Kuma dan Allah turawa ba abin kunya ba ne. Akwai inda tura keken ya fi hawansa sauri, ka sauka ka tura abinka, hannu a kan birki saboda in ka tsaya kada ya koma da kai baya. Masu mashin za su tsaya su ce ka riƙe su ja ka, matasa ne masu kirki amma ka gode musu kawai, haka ma kama bayan babbar mota da ke jan jiki a tudu, na san yara na yi amma motar da ta kasa hawa baya take dawowa.

Ci da sha kuwa a dutse ba a jiran yunwa ko ƙishi. Ranar da na jira, wajen ƙarfe goma sha ɗaya ne ƙafata ta mutu murus, hannuna na karkarwa, ido na ganin dishi-dishi, ba ciwo ba komai, mai ne kawai ya ƙare a tanki. Tun daga ranar aljihuna ba ya rabuwa da dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, duk bayan rabin awa ko fiye kaɗan sai na jefa wani abu a baki. Garin kwaki da suga da ƙuli abokin tafiya ne na gaske, ba ya lalacewa ba ya nauyi. Ayaba in ka samu kada ka wuce ta. Fura da nono kuma ka bari sai lokacin hutu, in ka ɗura ta ka fuskanci tudu za ka gane kurenka. Ruwa kada ya gaza lita uku a jikin keke lokacin tashi, kuma duk inda ka ga famfon burtsatse ka cika ko da gorar ba ta yi rabi ba, ba ka san na gaba yana aiki ko ya lalace ba. Ruwan rafi komai garai-garai ɗinsa shanu sun riga ka, in dole ta sa a tafasa. Gumi yana tafiya da gishirin jiki, shi ya sa za ka ga rigarka ta yi fari-fari, ni gora ɗaya nake warewa in yi haɗin nan da ake yi wa mai gudawa, lita ɗaya ta ruwa, suga cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi, ina kurɓa a hankali. In ka ga fitsarinka ya yi ja ko ka wuni ba ka yi ba, ruwan bai isa ba, jiki magayi.

Daga sha biyu zuwa bayan azahar ba a tafiya, sai dai in ka riga ka hau sama inda iska ke da sanyi. Ka samu inuwa kusa da mutane, rumfar kasuwa ko gindin bishiyar ƙofar masallaci, ka ci abinci mai nauyi, shinkafa da wake ko tuwo in akwai, ka cire takalmi ka ɗan runtsa. Sallah kuwa Allah ya yi wa matafiyi sauƙi, tafiyar da ta kai wajen kilomita 80 ana ƙasaru, mai raka'a huɗu ta koma biyu, amma in ka bi limamin gari sai ka cika tare da shi, in kuma ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ƙasaru ta faɗi. Ka zauna da malaminka kafin ka tashi ya warware maka wannan da maganar haɗa salloli da taimama, don za ka buƙace su.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, gangara. Kowa tsoron hawa yake, alhali hawa gajiya kawai yake sa wa, gangara ita ke kai mutum asibiti. Keke mai kaya in ya samu gangare ba keken da ka sani ba ne, nauyin nan da ka sha wahalar jan sa shi ne yanzu yake tura ka. Kafin ka fara ka tsaya a sama, ka duba robar birki, ka ƙara ɗaure kaya, ka sa hular kwano da kyau, ka sa riga a kan wadda ta jiƙe da gumi saboda iskar gangara tana shiga ƙashi. Kada ka riƙe birki ka danne tun daga sama har ƙasa, robar tana gogar wili, wili ya yi zafi, zafin ya kai ga tub. Ni wannan a gangaren Tula na koye shi tun lokacin gwaji, ina tafe ina jin daɗina sai ji na yi fam kamar an harba bindiga, tayar baya ta tashi, Allah ya taimake ni ba a kwana ba ne kuma ba ta gaba ba ce, da na taɓa wilin sai da na janye hannu. Yadda ake yi shi ne ka ja ka rage gudu sosai, ka saki ya ɗan huta, ka sake ja, hannu biyu tare, na baya shi kaɗai yana sa taya ta ja ƙasa ta zame, na gaba shi kaɗai da ƙarfi kuma ta kan keke zai wurgo ka. Gudu kafin kwana ake rage shi, ba a cikinta ba. In gangaren dogo ne ka riƙa tsayawa kana taɓa wili, in ya yi zafi ka jira ya huce. Kuma ka sa a ranka cewa bayan kowace kwana akwai abu, ko garken shanu, ko yashi da ruwa ya kwaso, ko rami, ko mota da ta ci hannunka. In ka ji babbar mota a bayanka tana ta hon ba ƙaƙƙautawa kada ka tsaya tunanin wa ke da gaskiya, sauka daga titi gaba ɗaya.

La'asar ta same ka a garin da za ka kwana, wannan doka ce da ba mu karya ba sai sau ɗaya kuma ba mu ji daɗinta ba. Baƙon da ya shigo da rana baƙo ne, wanda ya shigo bayan magariba da jakunkuna a keke abin tuhuma ne, kuma a yanayin da ake ciki ba za ka ga laifin kowa ba. A manyan garuruwa kamar Numan ko Jalingo ko Serti akwai masauki na kuɗi, a ƙauye kuwa kada ka kafa gidan sauronka a bayan gari kamar ɓarawo, ka tambayi gidan jauro ko mai unguwa, ka jingine keke daga nesa, ka cire hular kwano da takalmi, ka durƙusa. "Ranka ya daɗe, matafiya ne mu daga Gombe, za mu Gembu, dare ne muke gudu, muna neman inda za mu sa haƙarƙari zuwa asuba." Ka nuna katin ɗan ƙasa tun ba a tambaya ba. Wani dattijo da muka yi wa wannan bayani ya daɗe yana kallon kekunan sannan ya ce, "Yaro, kuɗin mota ne babu?" Na ce a'a Baba, sha'awa ce kawai. Ya girgiza kai ya ce Allah ya shirya, ya sa aka share mana zaure, kafin isha ga tuwo ya fito daga cikin gida. In za ka tafi ka san abin da za ka bari, goro ko suga da ganyen shayi ko ɗan abin sabulu a ba yara su kai ciki, kada ka tambayi nawa ne, cin fuska ne. Kuma ba duk garin da za ka sauka ne na Musulmi ba, ƙasar Tangale da Waja da Numan akwai Kiristoci da yawa, ladabin dai ɗaya ne kuma mun sha alheri a can ma. Daga Adamawa zuwa sama ɗan Fulatanci yana buɗe ƙofa, ko "a wali jam" da "useko" kaɗai ka iya za ka ga fuska ta sake.

A wajen mai masaukin nan da direbobin tasha za ka samu labarin hanyar gobe, wanda waya ba za ta ba ka ba. Ka tambaya kai tsaye, lafiya ake bi? In mutum biyu uku suka ce wannan yankin a yi hankali, ka ɗora keke a mota ka tsallake shi, babu wanda zai cire maka maki, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kada kuma ka riƙa sanar wa duk wanda ka gani inda za ka kwana gobe, hotuna ma ka bari sai ka bar wuri ka sa su. A shingen jami'ai ka sauka tun daga nesa, ka gaisa, yallaɓai sannu da aiki, in sun ce buɗe jaka ka buɗe, yawanci da dariya ake rabuwa.

Kafin duhu akwai aiki uku. Na farko wanka da wankin wandon da ka wuni da shi, wannan ba tsafta ce kawai ba, gumi da gogayyar sirdi su ke kawo kurji da maruru a inda ba ka iya nuna wa kowa, kuma maruru ɗaya ya isa ya tsayar da tafiya. Wando biyu kake juyawa, mara kaurin ɗinki a tsakiya, ka shafa man kaɗanya safe da dare. Na biyu keke, ka goge kaca ka ɗiga mata mai kaɗan, ƙurar hunturu da mai in suka haɗu kamar yashi suke cin ta, ka bi taya da ido ka cire ƙaya. Na uku caji da kira, ka kai waya shagon caji, ka kira gida ka faɗi sunan garin da kake da wanda za ka nufa, saboda gaba akwai inda sabis zai ɗauke. Kuɗi ma ka riƙe 'yan canji a wuri biyu daban, ba ko'ina za ka samu mai POS ba.

Wajen kwanciya ka sa gidan sauro ko da ba ka ji kukan sauro ba, kuma kada ka taka waje da dare ba tocila ba takalmi. Mu mutanen Gombe ba sai an ba mu labarin kububuwa ba, ba banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba. Da safe ka zazzage takalmi kafin ka zura ƙafa.

Duk bayan kwana huɗu ko biyar ka ba jiki wuni guda, in ta yiwu ka daidaita shi da Juma'a ko ranar kasuwar garin, ka yi wanki ka kai keke a duba sifok.

Sanyi kuwa kada ka raina shi don ka taso daga zafi. Duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6, tudun Mambila kuma galibinsa ya haura mita 1,500, can ne ma ta wajen iyakar Kamaru Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419. Rigar sanyin da ka yi ta jin haushin nauyinta tun daga Kumo a nan za ka nemo ta daga ƙasan jaka. Daren farko da muka yi a sama da safa da hula na kwana, na naɗe da bargo har da tabarmar, ruwan alwalar asuba kuwa sai da mai masaukinmu ya ɗumama mana a kan murhu. Ranar ba mu tashi da wuri ba, hazo ya rufe hanya ko shanun da muke jin motsinsu ba ma gani, muka koma wajen mai shayi muka zauna kusa da wuta, yana ta dafa ganyen shayin Kakara da ake nomawa nan kusa, kofi uku na sha kafin titi ya fito.